Hamma a Cikin Rijiyar Is'haƙa

Is'haƙa mai haƙar rijiya ne a Tsamaye, kuma tun daga Kurawa har Burkusuma da wuya ka sha ruwan da babu hannunsa a ciki. Yanzu gwiwa ta hana shi sauka. Yana sama, shi ke riƙe da igiya.

Doka ɗaya gare shi, wadda baƙi ke yi wa dariya: duk wanda ke ƙasa, in hamma ta zo masa, ya sake ta da ƙarfi a ji daga sama. Mu kuwa an tashe mu da rufe baki da danne ta.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce hamma takan zo ne lokacin da kai ya fara nauyi. Sai jiki ya buɗe muƙamuƙi, ya ja dogon numfashi, ya farkar da kansa. Wata ma'aikaciyar lafiya ta gaya masa cewa masana ba su gama daidaitawa a kanta ba, wasu na ganin sanyaya ƙwaƙwalwa take yi. Bai yi musu ba.

"Ko mi take yi," in ji shi, "mai hamma cikin rami da hantsi ba barci ad damuwatai ba. Iskan ƙasa ya ɓaci, kai ya soma tahiya."

A rani na bara abokin aikinsa ya kwanta ciwo, ga rijiya an yi nisa a wata gona. Sai Lawwali, mijin Nuriyya 'yar Is'haƙa, ya ce zai sauka. Ɗan gidan malamai ne, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba. Ko magana sai ta bakin Talha, mai jan guga, wanda abokin wasan Lawwali ne.

"Ango, ka ji dokar Baba," in ji Talha. "In ta zo, buɗe bakin nan naka awa na raƙumi."

"Ja gugarka, malalaci," in ji Lawwali, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka.

Dagi ya yi ta bugawa, guga na hawa cike da laka. Can sai bugun ya fara jinkiri.

"Lahiya dai, ango?" in ji Talha.

"Lahiya lau."

Is'haƙa ya leƙa ramin. Ya ciro ɗan madubi daga aljihu, ya karkata shi, hasken rana ya gangara har ƙasa. Ga Lawwali ya juya fuska ga bango, bayan hannunsa a baki, kafaɗunsa na ɗagawa. Ya sauke hannun, ya sake mayarwa.

"Ja!" in ji Is'haƙa.

"Baba, ya ce lahiya..." in ji Talha.

"Ja, na ce!"

Suka ja tare, tsohon ya manta da gwiwa. Lawwali ya iso baki idanunsa a lumshe, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Suka kwantar da shi a inuwar aduwa, suka yayyafa masa ruwa, Talha na yi masa fifita da hula, wasa ya ƙare. Da numfashinsa ya daidaita, Is'haƙa ya kunna fitilar kwano, ya zura ta da igiya. Ba ta kai ƙasa ba ta mutu.

Lawwali ya ga haka, ya sunkuyar da kai.

"Na ji nauyin Baba ne," ya faɗa wa Talha a hankali.

Is'haƙa yana naɗe igiya, bai dube shi ba.

"Talha, gaya mai na gode da ladabi. Amma gobe in zai sauka, shi tuɓe kunya shi aje ta nan tare da takalmi. Ban shirya kai ma Nuriyya wani labari ba."

Suka ɗaure rassan ganye, suka yi ta zurawa suna jawowa don iskan ramin ya sake. Ran nan babu wanda ya ƙara sauka.