Kabarin Lemuel a Tsakiyar Turba

Orrin Teague bai taɓa hawa amalanken da yake korawa ba. Mu mutanen ayari a ƙasa muke takawa gefen bijimai, tun daga bakin kogin Missouri har garin Denver, amma shi ko ranar da ƙafarsa ta kumbura madugu ya ce ya hau, cewa ya yi shanun ba su yi masa laifin da zai ƙara musu kaya ba. Ni ne kukun ayarin. Na daɗe ina dafa masa wake da naman alade, bai taɓa yabawa ba, bai kuma taɓa kushewa ba.

Yana da wa mai suna Lemuel, wanda ya kwashe duk surutun gidansu. Kullum cikin tsokanarsa yake, wai ranar da Orrin zai nemi aure sai dai bijimi ya yi masa baki. Tare suka shigo aikin, amalankensu na bin juna.

A wata tafiya muna bin gaɓar kogin Platte da lodin gari da ƙusoshi, amai da gudawa ya kama Lemuel da hantsi. Kafin rana ta faɗi ya cika. Filin nan babu itace balle a yi akwati, ni ma da busasshen kashin ɓauna nake hura wuta. Muka naɗe shi a bargonsa. Al'adar hanya kuwa kowa ya san ta: a tsakiyar turba ake haƙa rami a binne mutum, sannan ayari duka ya bi ta kai, ƙasa ta daddale yadda kyarketai ba za su iya tonewa ba. Ba a kafa alama.

Madugunmu, dattijo Pruitt, ya ce Orrin ya koma gefe, wani zai kora masa shanu. Orrin ya girgiza kai.

"Ni zan fara bi," in ji shi. "In dai za a take shi, gara shanun da suka san shi."

Ya bi, saura suka biyo. Da amalanken ƙarshe ya wuce na waiwaya, na kasa nuna wurin. Ranar na tsani hanyar nan, kuma har yau ban huce ba.

Da muka koma gida, mahaifiyarsu ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abu ɗaya ta roƙa, Orrin ya kafa dutse mai suna a kan ɗanta, kada ya kwanta kamar wanda ba shi da kowa. Ya yi mata alkawari, ya sa aka sassaƙa dutsen, ya loda shi a amalanke. Sai dai turbar ba layi ɗaya ba ce. Duk inda ta yi taɓo ayari kaucewa yake yi, har faɗinta ya fi na gona. Alamar wurin da Orrin ya riƙe a kansa tudu ne a kudu da wani tsibiri a kogi, ga shi Platte kowace shekara sauya tsibiransa yake. Dutsen ya je Denver ya dawo, ya sake komawa. Abokan aiki sukan ce, "Orrin, wai baƙon nan naka yaushe zai sauka ne?" Shi dai sai ya ci gaba da kora shanunsa.

Sai layin dogo ya zo ya kashe mana sana'a. Aka sayar wa mahauta shanu, kowa ya kama gabansa. Orrin ya sa aka yanka masa gona a daidai inda yake zaton kabarin yake, ya auri wata bazawara, Hulda, mai 'ya'ya biyu, ya gina ɗakin ƙasa. Ya nome ko'ina ban da tsohuwar turba, alhali ita ce ta ratsa kwarin da ke riƙe damshi. Maƙwabta suka yi ta masa dariya, wai ciyawa yake reno. Mahaifiyarsu ta rasu tana jiran labari.

Fari ya zo, fara ta biyo baya, tudu ya ƙi ba da komai. Hulda ta yi haƙuri har inda haƙuri ya ƙare, sannan ta ce masa, "Orrin, ban san Lemuel ba, amma na san yaran nan. Shi ba ya jin yunwa."

Ya aiko aka kira ni daga garin Kearney, inda nake girki a wani masauki, don ban da shi ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga binnewar. Ya ce za mu nome tsohuwar turbar, ya ba ni riƙon garma, shi yana tafe a bayana, ido a ƙasa. Ramin da muka haƙa a wancan lokaci ba shi da zurfi, mu biyun mun san haka. Duk sanda garma ta daki wani abu sai in tsaya, shi kuma ya durƙusa ya tona da hannu. Mun tono guntun sarƙa, fasasshiyar tukunya, ƙasusuwan shanu masu yawa. Ba mu ga Lemuel ba.

A ƙarshen kwarin ya tsaya ya cire hula. Na ce ƙila mun kuskure wurin ne, ƙila yana can gaba.

"A'a, Kuku, yana nan," ya ce. "Mun dai iya aikinmu ne."

Masarar kwarin ta yi kyau, yaran suka ci suka girma. Orrin ya yi shekaru bayan haka. Hulda ce ta gaya mini cewa har ya mutu, duk ranar da ta girka masarar nan sai ta dafa masa nasa abincin daban.