Ranar da Na Fizge Kartar Kawu

Mutanen gidanmu har yau sun ɗauka haushin yawan cinye ni a karta ne ya sa na daina zuwa wurin Kawu. Ba haka ba ne, kunya ce. Lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ga ni da bakin da ba ya raga wa kowa, sai Mama ta tura ni rumfar yayanta ta kifi a kasuwar Kado ko ta samu kunnenta ya huta.

Shi ya koya min foka, wani wasan karta. Ya ce wurin Turawan da ya yi wa tuƙi lokacin ana gina garin nan ya ɗauko ta. Karta biyar-biyar ake rabawa. Ka zuba, na gaba ya bi ka, ko ya ƙara, ko ya ajiye tasa ya haƙura. Mu ƙwallon dabino muke zubawa, don Kawu ya ce ranar da kobo ya shiga ta zama caca, shi kuma ba da shi ba. Kullum yana nanata min cewa mutum ake karantawa, ba takarda ba. Ni kuwa sai in ce ya raba kawai, wa'azin ya isa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ko kallon kirki ba ya yi wa kartarsa, amma sai ya kwashe dabinona. Wata Asabar, a gaban abokansa masu kifi, ya ƙara zubi har na ajiye tawa. Sai na fizge tasa na baje a tebur, na ce in ba maguɗi yake ba ya faɗa wa jama'a abin da ke ciki. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya nuna mai lamba bakwai ya ce ɗaya ce. Ashe yanar ido ce ta rufe shi tuntuni, ya ɓoye don kada 'ya'yansa su zaunar da shi a gida. Tsakina yake saurare in kartata ta lalace, da shiruna in ta yi kyau. Murmushi kawai ya yi, ya ce yau kam 'yarsa ta ci shi. Labari ya kai gida, babban ɗansa ya karɓi rumfar.

Ga masu saurin baki irina, in babba yana abin da ba ki gane ba, ja shi gefe ki tambaya, kada ki tara masa jama'a. Ni dai Litinin zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, in kai shi asibitin ido ko yana so ko ba ya so. In an yi masa aiki ya warke, ni zan tari ɗansa da maganar rumfar. Bakin nan nawa ya yi amfani ko sau ɗaya ne.