Kunnen Baba Zamani a Ƙarƙashin Kafanchan

Kullum da hantsi, sa'ad da matan kasuwa ke shimfiɗa doya da citta, Baba Zamani Kumai yakan naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗauki fitilar ƙwai da 'yar gudumarsa, ya sunkuya ya shige bakin kwalbatin da ke bayan layin dogo. Shekara talatin da ɗaya ke nan, tun 1946. Mu da muke takawa a sama ba mu san garin nan yana da ciki ba. Hanyoyin ruwa ne na dutse da siminti, wasu ka miƙe tsaye, wasu sai da rarrafe. Mahaifinsa na cikin waɗanda aka kwaso a diban gwamna suka haƙa su, shi ya nuna masa lungu-lungu.

A takarda sunan aikinsa lebura. A gaskiya kuwa aikinsa sauraro ne. Taku ɗaya, bugu ɗaya. In bango ya amsa ƙwal, sai ya wuce. In ya amsa kamar an bugi ruɓaɓɓiyar kabewa, to ruwa ya cinye ƙasar da ke bayansa, sai ya shafa alli a zo a cike kafin damina. Shi ya sa ƙasa ba ta taɓa ruftawa da kowa ba, shi ya sa kuma ba wanda ya san shi.

Mama Regina mai atamfa ta san shi. A rikicin sittin da shida, a ramin nan ya ɓoye ta. "Ni da yara uku, kwana biyu," in ji ta. "Muna ji ƙafa yana gudu a kanmu. Shi ne ya kawo mana gwaza. Har yau bai gaya wa kowa ba, ni ne nake gaya."

Kai ne, Baba, mai shiga inda kare ma ke ja da baya. Kai ne ka riƙe mana ƙasa ba mu ce sannu ba.

To, ga abin da ke ci mini rai. Bara kunnensa na hagu ya mutu, na dama ya soma bi. A daidai lokacin ya ji bangon da ke ƙarƙashin layin masu kifi ya sauya amo. Sau uku yana zuwa ofis.

"Baba, ka ga tsaga?" in ji injiniya.

"Babu tsaga, ranka ya daɗe. Muryan shi ne ya canza."

"To me zan rubuta a fom? Bango ya yi mura?"

Aka yi dariya, har da masinja. Baba ya roƙa a ba shi mutum ɗaya ya koya masa. Wa zai yarda? Wari, macizai, taɓo har ƙugu. Kowa yana son teburi da biro.

Ranar Juma'ar da ta wuce, ranarsa ta ƙarshe kafin ritaya, ya shiga kamar kullum, amma bai jima ba ya fito. Matarsa Paulina, wadda ke da tebur a layin kifin nan, tana jiransa a bakin rami.

"Maigida, yaya bangon?"

Ya ajiye gudumar. "Ban sani ba, Mama. Na buga, na sake bugawa. Ban ji komai ba."

Allah sarki. Da ta ba ni labari a ƙofar majami'a sai da na juya baya, don hawaye ya zo mini.

Mun gode, Baba Zamani. Godiyar ta zo a makare, kuma na san ko an karanta maka ita da ƙarfi ba lalle ka ji ba. Ubangiji ya sāka maka.

Ku kuma mutanen gari, wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ƙafar tsohon nan ta san wurin, bakinsa bai mutu ba, aron kunne kawai yake nema. A samu mutum ɗaya ya cire takalmi ya bi shi. Ban ga alamar za a samu ba, amma dai na faɗa. Jiya an yi ruwan farko a Madakiya, nan kusa da mu, gobe kuma Paulina za ta fita da kifinta.