Wasiƙar da na ɓoye a rumbun dawa

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta Istar shekarar nan ba, ranar da na tsaya a gaban jama'a da ƙaiƙayi a kaina, wasiƙar wani a hannuna. Gemu ya yi fari yanzu, amma har yau ina ganin abin kamar jiya aka yi.

Lokacin soja ke mulki, zamanin tsuke bakin aljihu. Sabulu sai da layi, taki sai wane da wane, fetur kuwa ka gan shi yau ka nema gobe. Ni ne katikis na wata 'yar coci a wani ƙauye tsakanin Ikara da Gubuchi. Ni ke koya wa yara addini, ni ke jan addu'a in babu Fada, wato limaminmu, kuma makullin akwatin cocin da ke gidan waya na Ikara yana hannuna. Duk ranar kasuwa zan hau kekena in ɗauko wasiƙu.

Kafin a turo mana wannan Fadan, sai mu yi wata uku ba mu ga limami ba. Mahaifina ma haka ya rasu, yana ta kiran a kawo masa Fada ya furta zunubansa, ni kuma ina zaune a gefensa ba abin da zan iya yi masa. Wannan abu bai taɓa barin zuciyata ba. Sai ga shi Allah ya ba mu namu, ɗan ƙasa, Hausarsa irin tamu, tuwon dawa da miyar kuka yake ci da hannu. Da wani tsohon babur yake zagaya ƙauyuka har Makarfi da bayan Hunkuyi, in mai ya ƙare ya tura. Muka ce to, wahala ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Wani abokin karatunsa ya rubuto masa daga can gabas, wajen iyakar Sudan, inda yaƙi da fari suka tara 'yan gudun hijira a sansani. Ya haɗo da hoto guda. Na ga hoton nan, kuma da ban gani ba ya fi mini. Tun daga ranar Fada ya canza. A kai masa abinci, ya zuba masa ido. Wata rana muna cin rake a gindin mangwaron bayan coci, ya ce mini, "Malam, ina jin kamar ana kira na can. Amma ban sani ba ko Allah ne, ko zuciyata ce kawai."

Na ce, "Haba Fada! Mu ɗin nan a daɗi muke? Wane gudun hijira ya wuce namu, mu da ko sabulu ba mu da shi?"

Ya yi dariya, ya ce, "Kai kana da rumbu, Malam. Su fa?"

Ya je ya ga Bishop a Kaduna, ya dawo ya gaya mini yadda suka yi. Zai rubuta wa masu kula da sansanin sau ɗaya tak. In amsa ta zo kafin Ista, ya tafi da albarkar Bishop. In ba ta zo ba, ya san Allah ya ce ya zauna, kuma ba zai sake rubutawa ba. Ni da hannuna na kai wasiƙar gidan waya, ina tafiya ina roƙon Allah ya sa ta ɓata a hanya.

Ba ta ɓata ba. A tsakiyar azumin kwana arba'in da muke yi kafin Ista na buɗe akwati, sai ga ambulan mai kan sarkin wata ƙasa. Na koma bayan rumfar masu tumatir na farke ta, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Masu kula da sansanin suna son sa. Ya isa Kaduna cikin makon da ke bin Ista, in ya wuce haka za a ba wani gurbin. Ban san lokacin da na cusa ta a aljihu ba. Da na iso gida na naɗe ta a leda, na hau rumbun dawa na tura ta can ƙasa. Da yamma Fada ya tambaye ni kamar kullum, "Malam, akwai wasiƙa?" Na ce, "Babu, Fada." Ko ƙiftawa ban yi ba.

Kada ku ce na ji daɗi. Abinci ya daina shiga. Matata ta ce, "Baban yara, wai me ke cin ka ne? Ko magana ba a isa a yi maka ba sai ka taso wa mutum." Na daka mata tsawa, ta kama bakinta. Ga Ista na matsowa, kuma a wurinmu ba a karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar tsarki, ranar Ista da zunubi a wuya, sai an yi ikirari, wato an furta wa limami. Limami kuwa ɗaya ne a duk yankin.

A nan zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ni katikis ne, ni ke koya wa yara cewa duk abin da limami ya ji a wurin ikirari ya mutu a nan. Ba zai faɗa ba, ba zai nuna ya sani ba, ba zai yi aiki da shi ba, ko za a yanka shi. Na san wannan sarai. Sai shaiɗan ya raya mini cewa ga hanya: in faɗa masa a can, na sauke nauyi, shi kuma na ɗaure masa hannu.

Wata Asabar da la'asar, saura mako guda Ista, na bi layi. Kujera biyu ce a gindin mangwaro, an rataya tabarma a tsakani. Na durƙusa na faɗi komai, har inda na ɓoye ta.  Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Abin da ba naka ba, ka mayar wa mai shi."

Na ce, "Fada, ai kai ne mai shi."

Ya ce, "A nan wurin ba ni ne ke sauraron ka ba. Ka yi niyyar mayarwa?"

Na ce na yi. Ya sa mini albarka, na tashi. A raina kuwa na ce, ɗan Adam ne, gobe da sassafe zai zo ƙofar gidana ya ce in fito da ita, mu yi rigimarmu mu gama. Har na shirya maganganun da zan gaya masa.

Bai zo ba. Ranar kasuwa ta zagayo, na dawo daga Ikara, na same shi yana gyaran babur, hannu duk baƙin mai. Ya ɗago ya ce, "Sannu da hanya, Malam. Akwai wasiƙa?" Da murya irin ta kullum, da fuska irin ta kullum.  Kuma ku ji abin kunya, bakina ya sake cewa, "Babu." Ya ce, "To, Allah ya kai mu wani makon. Shiga ka sha ruwa, rana ta yi zafi." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa kamar wanda aka dasa.

Ranar Ista coci ta cika har waje, mutane sun zo daga ƙauyuka da ƙafa. Bayan an gama sujada, ina tsaye kusa da shi da takardar sanarwa, sai ya ɗaga hannu ya ce yana da magana. Ya ce kowa ya san alkawarin da ya yi. Ya ce, "Yau Ista, amsa ba ta iso hannuna ba. Saboda haka ina nan tare da ku."

Kai! Mata suka rangaɗa guɗa, masu ganga suka ɗauka, tsofaffi na ta ɗaga hannu sama. Ni kaɗai nake kusa da shi. Bai ko kalle ni ba. A nan na gane da gaske yake. Mutumin nan zai binne kiransa da ransa, ya zauna da mu har tsufa, yana gaishe ni kullum, ya san abin da ke cikin rumbuna, kuma ba zai taɓa buɗe baki ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ba tsoronsa ba, tsoron Allah.

Na yar da takardar sanarwa na fita a guje. Matata na kira, "Baban yara, lafiya?" Ban waiwaya ba. Na hau rumbu da rigar Ista, na nutsa hannu har kafaɗa na zaro ledar. Na dawo ina haki, ƙaiƙayi ya rufe mini kai, na ratsa masu rawa na durƙusa a gabansa. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Fada, amsarka ta zo tun sati uku. Ni na ɓoye ta."

Ganga ta mutu. Ya karɓa, ya karanta a tsaye, hawaye na zuba. Sannan ya kama hannuna ya ɗaga ni. Kun san abin mamaki? Jama'a ba su yi fushi don na ɓoye ba, sun yi fushi don na fito da ita. Wata tsohuwa ta nuna ni da sandarta ta ce, "Kai dai ba ka da wayo! Da ka bar ta gara ta cinye!" An fi wata guda wasu ba sa amsa gaisuwata.

Kwana uku bayan haka na raka shi tashar Ikara da 'yar jakarsa guda. Babur ɗin ya bar wa coci. Muna jiran mota ta cika, na kasa haƙuri, na ce, "Fada, da ban kawo ba fa?"

Ya ce, "Da na zauna."

Na ce, "Alhali ka sani?"

Ya dube ni cikin ido, ya ce, "Na san me, Malam?"

Wallahi a nan na fashe da kuka a tsakiyar tasha, ƙato da ni, 'yan kamasho suna kallo.

Mun koma gidan jiya, shekara biyu muna ganin limami jifa-jifa, kuma akwai waɗanda suka rasu a tsakanin nan suna kiran Fada kamar mahaifina. Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Shi kuwa ya daɗe a sansanin, yana rubuto mana, ni nake ɗauko wasiƙun, kuma ban ƙara barin ko ɗaya ta kwana a hannuna ba.

Abin da na koya shi ne, son da kake wa mutum bai ba ka ikon tsayawa tsakaninsa da Ubangijinsa ba. Na yi shekaru ina koya wa yara riƙon amana da baki, ban san nauyinta ba sai ranar da na ga wanda na ci amanarsa ya riƙe tawa, ko da za ta cinye masa rayuwa.