Ɗauko Yaya Habibu daga Guangzhou

Kano

Tun kafin kiran asalatu na bar Kurna. Hajiyarmu ta rako ni bakin zaure ta ce, "Sadisu, ba kaya na aike ka ba. Yayanka za ka kawo min, da ransa." Yaya Habibu ya daɗe a Guangzhou yana loda wa 'yan kasuwa kaya, sai kansar huhu ta kama shi, likitoci suka ce ta bazu. Daga Kano zuwa Addis, daga can zuwa Chaina, ko ruwa bai yi min daɗi ba.

Sanyuanli

Malam Isufu, wani Bamaraɗe mai jin Sinanci, shi ya tarye ni ya kai ni ɗakin Yaya a unguwar Sanyuanli. Ina ganin Yaya gabana ya faɗi. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma kamar sillen kara, amma bakin nan bai mutu ba.

"Auta, ka yi sa'a, kayan naka ba nauyi," in ji shi.

Ban yi dariya ba. Jirgi ba zai ɗauke shi ba sai likitansa ya yarda, likita kuwa ya ce sai ya ci abinci ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya tura mu ɓangaren maganin gargajiya na asibitin.

Asibiti

Wata tsohuwar likita muka samu. Ta bakin Isufu ta ce maganinta ba ya warkar da cutar kansa, sai dai ya taimaki ci da barci. Ta ɗora yatsu a wuyan hannun Yaya, ta ce ya fito da harshe, don su da launinsa suke gane ciwo. Ta gan shi jawur, ta ce zafi ne a ciki, ta haɗa saiwoyi masu sanyaya jiki.

Maganin ya fi maɗaci ɗaci. Maimakon ci sai gudawa. Hajiya ta kira, na ce da sauƙi.

Ranar komawa, muna cikin tasi na ga Yaya ya jefa goro a baki, wai yana hana shi tashin zuciya.

"Yaya, wancan zuwan ma ka ci?"

"Yaushe na taɓa shiga mota ban ci ba?"

Muna shiga na ɓantari goro a gaban likita, na tauna, na zaro mata harshena jawur. Ta dube ni, ta dubi Yaya, ta dafe kai. Isufu ya ce, "Kai, Alhaji, ashe goronka aka yi wa magani!"

Washegari muka koma da baki wankakke. Harshen fari fat. Ta sauya haɗin gaba ɗaya. A hankali Yaya ya fara shan kunu, ya kai ga shinkafa, har ya taka zuwa masallaci yana dafa ni. Likitansa ya sallame mu.

Gida

A jirgi duk tarin da ya yi sai na ƙirga shi a zuci. Da la'asar muka iso Kurna. Na kawo hannu zan riƙe shi ya ture, ya shiga da ƙafarsa. Hajiya ta shafa fuskarsa ta ce, "Ka rame, Habibu." Ya ce, "Amma na zo, Hajiya."

Ciwon yana nan, duk mun sani. Na gode wa Allah da ya ba ta ɗanta a hannu, Malam Isufu kuma Allah ya saka masa da alheri.