Ranar da Injiniya Ya Shiga Bas ɗin Malam Sule

Har yau ban manta da safiyar da Injiniya Pam ya bar motarsa a gida ya shiga bas tare da mu ba. Tunda an ce in yi muku 'yar magana, ku sababbin masu ƙidaya, kafin a raba muku takardu ku fita titi, labarin wannan safiya zan ba ku.

Damunar bara waccan ce. Ina sabuwar ma'aikaciya a sashen hanyoyi, mataki na huɗu, wanda ƙasa da shi sai masinja. Aikina shi ne wanda za ku fara gobe. A ba ka kujera da laima da allo da takarda mai layi, ka zauna a bakin titi. Mota ta wuce ka ja sanda ɗaya, ta biyar ka gitta musu. Da wannan ƙidaya injiniya yake raba lokacin danja: titin da ya fi yawan motoci shi ya fi daɗewa da kore.

A lokacin an kafa sabuwar danja a mararrabar da hanyar Farin Gada ta haɗu da titin da ya gangaro daga unguwar manyan ma'aikata. Ni na yi mata ƙidaya, kwana goma. Ana buɗe rajistar ofis bakwai da rabi, mu sa hannu, Landirobar ma'aikata ta kai mu wurin takwas, ta ɗauko mu da rana. A waɗannan sa'o'i titin unguwar manya ba ya rabuwa da motocin fijo, hanyar Farin Gada kuwa jefi-jefi. Haka na rubuta, na sa hannu. Injiniya ya ba titin manya dogon kore, ya ba Farin Gada gajere. Aka rufe akwatin danja, aka kai makullinsa ofis.

Ni kuwa a wajen Farin Gada nake zaune, gidan goggona. Bas ɗin gwamnati ɗaya ne yake tashi daga can da safe, shida da kwata, kuma shi nake shiga. Ba na jin haushin sammakon. Ina son Jos a wannan lokaci, hazo kwance a kan duwatsu kamar an lulluɓa musu mayafi, ga ƙanshin ɗanyen albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Nakan zauna a kujerar bayan direba da ɗan littafina ina rubuta abin da ya zo mini.

Direban Malam Sule ne, dattijo siriri mai hular sanyi da ba ya cire ta ko rana ta take. Tun kafin a canza hannun tuƙi daga hagu zuwa dama yake tuƙi. Fasinjojinsa kullum su ne su: mata masu saro tumatir da kabeji da karas su kai kasuwannin cikin gari, ma'aikatan jinya biyu, 'yan makaranta, da tela ɗaya mai shago a Nasarawa Gwom. Ya san kowa da sunansa. Ni ’yata yake ce mini.

Kafin danja, ɗan yalo fiba ne yake ba da hannu a mararrabar. Da ya hango bas cike da mutane sai ya tsare kowa ya ce masa wuce. Ba wanda ya rubuta masa wannan a takarda. Da danja ta zo aka mayar da shi gefe, aikinsa kallo. Ita kuwa ba ta san bas ba. Da sassafe hanyar Farin Gada cike take da manyan motocin kaya da akori-kura, ga 'yar hawa, kafin babbar mota ta ja numfashi ta motsa kore ya ɗauke. Sai mu ga ja sau uku, wani lokaci huɗu, kafin mu ƙetare. 'Yan tasi sukan raɓa ta gefe su wuce abinsu. Malam Sule bai taɓa yi ba.

"Malam, ba kowa fa, ka taka mana!" in ji matan.

"Ja ja ne, ko ba mai kallo," in ji shi.

A tashar cikin gari akwai mai kula da lokaci na hukumar bas, Mista Okoro. A Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu sauri. Dokarsu ita ce bas ya iso bakwai saura kwata. Direban da ya yi ta makara a ba shi takardar gargaɗi, ta uku kuwa sallama ce. Cikin wata biyu Malam Sule ya karɓi biyu.

Ban sani ba sai a zaman kwamiti. An kafa kwamitin haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatarmu da hukumar bas don a duba yadda danjojin gari za su riƙa ba bas fifiko, ni ce mai ɗaukar bayanin zama. Zama uku aka yi ba a matsa ko taku ɗaya ba. Mutanen bas su ce danjarku ce, namu su ce direbobinku ne. A zama na huɗu Injiniya ya ɗaga wata takarda ya ce, "Ga ƙidaya nan. Hanyar Farin Gada ba ta da motocin da za su tsare bas. In yana makara, a tambayi direba."

Takardata ce. Daga inda nake ina ganin sa hannuna a ƙasanta.

Manajan bas ya juya ga Mista Okoro ya ce to shi ke nan, ƙarshen wata a rubuta wa Sule ta uku. Ni kuma na rubuta hakan a cikin bayanin zama, don aikina ke nan. Mai mataki na huɗu ba ta magana a kwamiti.

Washegari ban iya kallon ƙeyar Malam Sule ba. Da muka tsaya a mararrabar sai na buɗe littafina, a ƙarƙashin wani baiti da na fara a kan hazo, na soma jan sanduna. Na ƙirga motocin hanyarmu, na ƙirga na titin manya. Ban san abin da ya sa ba, na juya na ƙirga kawunan da ke cikin bas har da goyo. Kwana shida ina yi. Lissafin titin manya bai ba ni wahala ba, don yawancin safiya ba abin da zan rubuta.

Na kai wa Injiniya a ofis. Mutumin kirki ne, amma mai bin ƙa'ida har ƙarshenta. Ya karɓi littafin, ya fara karanta baitin hazo, ya ɗago ya dube ni.

"Ƙasa, ranka ya daɗe," na ce, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Ya duba sandunan ya daɗe. Sannan ya ce, "Rakiya, wannan ba a kan takardar ma'aikata yake ba, ba a lokacin aiki aka yi shi ba, ba wanda ya tura ki. Me zan kai wa kwamiti? Waƙa?"

Na karɓi littafina na fito. A hanyar komawa gida na biya tasha na faɗa wa Mista Okoro duka, har da cewa takardar da za ta kori Malam Sule tawa ce. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ke kika ƙirga, daga takwas?"

"Daga takwas."

"Ƙanwata, takwas ai masu tumatir sun sayar da rabin kwando. Ni ma ba na son rubuta takardar nan. Sule ne ya koya mini tuƙi." Sai ya buga tebur. "Oganki yana da agogon gudu na auna daƙiƙa, ko? Ki bar ni da shi."

Abin da ya yi shi ne ya rubuto wasiƙa a hukumance, cewa kafin a sallami direba dole ne wani ɗan kwamiti ya auna tafiyar da kansa, kuma hukumar bas tana roƙon ma'aikata ta ba da ƙwararrenta. Da aka ce ƙwararre, Injiniya bai ga hanyar zamewa ba.

Ranar Talata ce, ana yayyafi. Shida da minti goma sai ga shi a Farin Gada cikin kwat da lakatai, agogon gudu rataye a wuya. Kujeru sun cika. Na miƙe zan ba shi tawa ya ce a'a. Inna Talatu, babbar masu tumatir, mace mai murya kamar ana shela, ta matsa ta buɗa masa wuri, sannan ta ɗora masa kwandonta a cinya.

"Riƙe mini, ɗana. Kai ne mai danjar?"

"Ni ne, Inna."

"Madalla. Yau za ka gaisa da 'yarka."

Bas ya kwashe da dariya. Malam Sule ya tayar da mota. Ya san abin da aka zo aunawa.

Muka iso mararraba muka shiga layi bayan motocin kaya. Injiniya ya danna agogonsa. Kore ya zo, babbar motar da ke gaba ta yi tari ta motsa, biyu suka bi ta, ja ya dawo. Sai duka muka juya muna kallon titin manya. Kore yana ci a can, yana haska jiƙaƙƙiyar kwalta, ba mota ko ɗaya. Can sai ga wani Bafillace da sandarsa a kafaɗa ya kora shanu huɗu ya ƙetare a hankali, ko kallon danjar bai yi ba.

"Oga," in ji Inna Talatu, "don Allah wa ake ba hannu a can? Aljanu ne suke tafiya ofis?"

Injiniya bai yi dariya ba. Ya dubi agogo, ya dubi titin, ya juya ya dubi mutanen da ke tsaye a bayansa riƙe da ƙarfe. A ja na uku ne ya sunkuyo ta kan kwandon ya ce, "Malam Sule, kullum haka ne?"

"Ban da Lahadi, ranka ya daɗe."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Aka ce akwai takarda."

Da muka sauka a tasha, bakwai ta wuce. Akwai jan tabon tumatir a wandon Injiniya. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Kawo littafin nan."

Sauran aikin bai ɗauki mako biyu ba. Ashe a cikin akwatin danjar akwai wurin saka tsari na biyu, ba a taɓa amfani da shi ba tun da aka kafa ta. Aka tura mu ƙidaya daga biyar da rabi, wannan karon a kan takardar ma'aikata, kuma aka ƙara layi ɗaya a gefe na yawan mutanen da ke cikin kowane bas. Layin da za ku gani a takardunku gobe, daga nan ya samo asali. Aka ba Farin Gada dogon kore har zuwa bakwai da rabi. Hukumar bas ta yarda ta riƙa aiko mana da jadawalinta duk sanda ta sauya shi. Aka yanka makulli na biyu aka ba ɗan yalo fiban, da izinin in ya hango bas cike ya riƙe masa kore har ya ƙetare. Wato abin da yake yi da hannunsa tun farko, yanzu da sa hannun manya biyu a ƙasa.

Abin da ya rage shi ne takardun gargaɗin. Mista Okoro ya ce ba zai iya cire su daga fayil ba sai ma'aikata ta rubuto cewa makarar ba daga direba take ba. Ma'aikata kuwa ba ta saba da irin wannan wasiƙa ba. Injiniya ya kira ni da tafireta, ya yi ta zagaya ofis.

"Rubuta: bayan ƙarin nazari... A'a. Sakamakon wasu sababbin bayanai..." Ya tsaya a taga. "Cire takardar, sa wata. Rubuta: ƙidayarmu ta fara a makare. Direban ba shi da laifi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi ƙidayar."

"Wa ya aika miki Landiroba ƙarfe takwas?" Ya sa hannu a wasiƙar.

Safiyar da sabon tsari ya fara aiki ina kujerata. Muka hau 'yar hawan, ba layi, kore yana ci a gabanmu, ɗan yalo fiba yana tsaye jikin akwati yana washe baki. Sai muka ji bas yana rage gudu. Malam Sule ya taka birki, ya tsaya cak a kan farin layi, ya saki sitiyari kamar yadda ya saba wata da watanni.

"Malam! Kore ne!" Bas duka ya ɗauka, har 'yan makaranta.

Ya leƙa sama, ya daɗe yana kallon danjar. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ta san ni." Ya sa giya. Ta madubi na ga yana goge ido da gefen hularsa.

To, abin da na koya ke nan. Takardata ba ta yi ƙarya ba, kowace sanda da na ja mota ce ta wuce. Amma na fara kallon gari a lokacin da ofis ya farka, alhali garin ya riga mu tashi da sa'a biyu. Mutanen wannan aiki, namu da na bas, ba mugaye ba ne. Kowa yana riƙe da takardarsa da gaskiya, sai dai ba mai zama a kujerar wani. Don haka in an kai ku mararraba gobe, kafin ku ja sandar farko, ku nemi mai shayi ko mai shara ku tambaye shi ƙarfe nawa titin yake tashi. In kuma za ku iya sammako, Malam Sule yana nan, shida da kwata. Ku zo da wandon da ba ku jin tsoron tumatir ya taɓa.