Hular Malam a Bencin Baya

Duk wanda ya yi karatun koyarwa a jami'ar nan ta Tawa a shekarun da na yi, in ka ce masa "an cire hula", ya san abin da kake nufi, kuma in ka dube shi da kyau za ka ga gabansa ya ɗan faɗi. Har yau in muka haɗu da abokan karatuna a wurin biki ko suna, sai ka ji wani ya ce wa wani, yaya aji, ana dai cire hula? A yi dariya.

Hular ta malaminmu ce na ilimin koyarwa. Farfesa ne, amma ban taɓa jin wani ya kira shi haka a gabansa ba, Malam kawai muke ce masa. Gajere ne, siriri, ɗan wani ƙauye a bayan Takanamat, kuma a ajin zana ya fara riƙe alli tun ana ce masa mushe, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. Ni kuwa ban shiga jami'a da ƙuruciya ba. Da aurena da 'ya'yana na je, na daɗe ina koyarwa a firamare, ina ganin babu abin da wani zai faɗa mini game da yara. Bakina ma ba ya shiru, wannan kowa ya shaida, har maigidana.

Al'adar Malam ita ce, in lokacin gwajin koyarwa ya zo aka rarraba mu makarantun gari, shi da kansa yake bin mu. Zai hau kabu-kabu ya zo, ya ƙi kujerar da daraktan makaranta ya sa aka goge masa, ya wuce can bencin ƙarshe ya matsa tsakanin yara, gwiwoyinsa na dukan tebur. Ba ya riƙe biro, ba ya katse kowa, ko gyaran murya ba ya yi. Abu ɗaya yake yi. In ya ga yaran baya sun daina bin darasi, sai ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Za ta zauna a nan, sanƙonsa na ƙyalli, har sai ka dawo da yaran, sa'an nan ya ɗauka ya mayar.

Ranar da ya fara zuwa ajina na shirya kamar mai zuwa biki. Darasi ya tafi yadda nake so, hannuwa na tashi, yara na ta "Madan, ni, Madan, ni". Ina juyowa daga allo sai na ga hula a tebur. Na ƙara murya, tana nan. Na ƙara zane, na kawo misali da kasuwar dabbobi, tana nan. Har aka buga ƙarfen tashi bai mayar ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tare shi a gindin bishiyar bedi na ce ya gaya mini inda na yi kuskure, don ni dai ban gani ba. Ya ce ban yi kuskure ba ko ɗaya, darasin ya yi kyau. Na ce to hular fa?

Ya ce, "Madan, ba ke nika kallo ba. Su nika kallo. Na gaba ko babu ke sun iya. Don na baya anka aiko ki."

Sai ya tambaye ni sunan yarinyar da ke zaune a damansa. Na faɗa, don na sani. Ya tambaye ni yaushe rabon da in ji muryarta. Nan na tsaya ina lalube. Ya yi murmushi, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya tsayar da kabu-kabu ya tafi abinsa. Na yi kwanaki ina jin haushinsa, kuma na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarena cewa tsohon nan neman magana gare shi.

Amma haka ya yi mana duka, babba da yaro, har muka gane ba wulaƙanci ba ne. A ɗakin laccarsa ma bai cika tsayawa a gaba ba. Yakan ɗora ɗayanmu a kan allo, shi ya koma baya ya zauna da masu zuwa a makare da masu gyangyaɗi, ya ce can ne ake jin gaskiyar darasi. Wasu manyan malamai suna yi masa kallon wanda bai san girman kujerarsa ba. Mu kuwa muka so shi, irin son da ake yi wa wanda ake jin nauyi. Ranar da na yi darasi tun daga farko har ƙarshe hula ba ta sauka ba, na koma gida na dafa shinkafa da kaza ba sallah ba suna, yara suna ta tambaya ko baƙi za mu yi.

Bayan na gama aka tura ni wani ƙauye gaba da Kalfu. Ajina na zana ne, sai an gama girbi ake kafa shi, haske na shigowa ta ƙofa kaɗai, can baya kuwa duhu-duhu. Ina can na ji labarin Malam ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Da na samu hutu na je gaishe shi. Abin da na tarar ya fi ciwon kansa tayar mini da hankali. Yana zaune a kujera a zaure, an sa masa riga mai kyau da hula, baƙi sun cika tabarma suna ta yabonsa a gabansa kamar yadda ake yabon mamaci. Wannan ya ce mutumin kirki ne, wancan ya ce an yi rashi. Babu mai duban idonsa. Wanda ma ya yi masa magana sai ya ɗaga murya yana jan kalmomi, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Shi kuwa ya kafa wa bango ido. Na durƙusa na gaishe shi, bai nuna ya san ni ba.

Matarsa, Hajiya, ta ja ni cikin gida. Ta ce likita ya ce ba zai iya faɗin iyakar abin da Malam ke fahimta ba. Babban ɗansu kuma ya yanke shawara a mayar da shi ƙauye wurin dangi, a ba shi ɗaki ya huta, littattafansa a kai jami'a. Ba mugunta ce ta sa shi ba, yaron ya gaji da ganin ubansa ya zama abin kallo. Amma Hajiya ta ce in aka kai shi aka rufe a ɗaki, ba zai ga damina ba.

Ta ce, "Ɗiyata, ni na san shina nan ciki. Hushi shika yi, ba hankali ya rasa ba. Amma wa za ya yarda da maganar tsohuwa?"

Ban san sa'ad da na ce a kawo mini shi aji ba. Na ce aikin da ya fi iyawa a duniya ba ya bukatar baki, hannu ɗaya ya isa, kuma na hagun lafiyarsa lau. Da ɗan ya ji, ya dube ni kamar na zare. Na yi masa bayanin hular, ya ce ya sha jin labarin. Muka yi ta ja, ni da bakina, har ya ce zai kawo shi sau ɗaya don hankalin mahaifiyarsa ya kwanta, in ba a ga komai ba kuma kada wanda ya sake tayar da maganar.

Suka zo da hantsi a motar ɗan. Muka kama Malam, ni da darakta da ɗan, muka kai shi bencin ƙarshe. Yara suka matsa masa. Hajiya ta gyara masa hula ta koma bakin ƙofa ta zauna a tabarma, ɗan ya tsaya daga waje ya harɗe hannu.

Ni kuwa tun a gida na ƙulla dabara. Na ce ba zan bar abin ga sa'a ba, zan yi duk abin da ya tsana don in sa shi cire hular. Na ɗauko darasin rabawa da muka riga muka yi, na juya wa yara baya, na yi ta magana da allo ƙasa-ƙasa, na yi rubutu ƙanana, na tsaya na tare abin da na rubuta da jikina. Ina yi ina satar kallonsa. Hula na kansa. Na ƙara lalata darasin, har ni kaina na ji kunya. Hula na kansa, idonsa ma ba ya wajena, ya sunkuyar da kai gefe kamar mai barci. Na hango ɗan ya ciro waya yana dubawa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Na ce a raina shi ke nan, na jawo wa tsohuwa abin da za ta daɗe tana kuka a kansa, na kuma sa an jijjiga mara lafiya a hanya a banza. Amma yara na zaune, lokaci bai cika ba, ba a sallamar aji don malama ta karaya. Sai na goge allo na shiga sabon darasi, rabawa mai saura, wanda dama shi ne na ranar. Na ce buhunan gero ne za a raba wa gidaje, ga wanda ya yi saura, yaya za a yi da shi? 'Yan matan gaba, wasu masu kaifin kai da nake ji da su, suka cafke. Na ba su wani, suka cafke. Daɗi ya kama ni, na manta da baƙi, na manta da komai, muka yi ta gudu ni da su.

Ƙarar da na ji ba ta da yawa, ɗan taf ne a kan katako. Na juyo. Hula na kan tebur, hannunsa na hagu a kanta, sanƙon nan na ƙyalli a cikin duhun zana. Kuma ba bango yake kallo ba, ni yake kallo, da idon nan da na sani, na mutumin da ya kama ka kuma ba ya gaggawa.

Na dubi yaran baya. Gaskiyarsa. Sun saki layi, wani na wasa da murfin biro, wata ta rubuta lambobin ta tsaya tana kallon su. Sai a lokacin na gane abin da ya faru da fari. Sunkuyon da ya yi ba barci ba ne, allunan yaran yake dubawa. Darasin farko sun riga sun iya shi, duk ɓarnar da na yi ba ta ɓatar da su ba, don haka bai ga dalilin cire hula ba. Wasan da na shirya bai ko kula shi ba.

Hajiya ta ce da ɗanta, a hankali, "Ka gani?" Ɗan ya mayar da waya aljihu ya shigo ya tsaya jikin zana.

Ni dai alli na hannuna, allo ya yi mini dishi-dishi don hawaye. Ban taɓa jin daɗin an kama ni ba sai ranar. Na so in je in durƙusa a gabansa, amma na san shi, hula ba za ta koma ba sai an yi aiki. Na share ido da bakin mayafi, na bar 'yan gaba da wani lissafi, na tafi baya na tsuguna. Muka kawo tsakuwa muka yi ta rabawa gida-gida, muna ajiye saura a gefe, har yarinyar nan da ta tsaya tana kallon lambobi ta ɗago ta ce, "Madan, guda ya yi saura," da wata 'yar murya da sai ka kasa kunne. Malam ya ɗauki hula. Ya mayar, ta zauna masa a karkace, kuma babu wanda ya yi gigin gyara masa.

Ba a kai shi ƙauye ba. Maganarsa ba ta dawo ba har ya bar duniya, amma labari ya bazu cikin ɗalibansa, aka shiga layin ɗaukarsa. Wannan ya kai shi ajinsa a cikin gari, wancan ya zo da mota daga Takanamat. Ɗan nan da ya so rufe shi a ɗaki shi ya zama direbansa, har ya iya faɗin darasin da zai sha cire hula tun kafin a cire. Wasu daraktoci sun yi ƙorafi cewa ana kawo musu mara lafiya makaranta. Muka ce su yi haƙuri, mai duba aiki ne.

Ya rasu bayan damina ta biyu, ana cikin kafa azuzuwan zana. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na je gaisuwa na tarar da gidan cike da malamai, wasu ma ban san ya koyar da su ba. Da mutane suka ragu na zauna kusa da Hajiya, muka yi ta tuna ranar nan. Na ce mata har yanzu ina mamakin yadda bai nuna ya san ni ba a zaure. Ta ce ya san ni sarai, ya dai ɗauka ni ma yabon na zo yi.

Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce ranar da suka dawo daga ajina, ko ruwa bai sha ba ya yi ta nuna mata saman kabad da hannun hagu. Ta sauko da littafi, ya girgiza kai. Ta sauko da carbi, ya girgiza kai. Sai da ta sauko da kwandon hulunansa, waɗanda ta tattara ta ajiye tun yana asibiti, sa'an nan ya nuna mata bokiti da sabulu.

Ta ce, "Duka na wanke su, ɗiyata. Mutum za ya koma aiki."